Gara a Cikin Ƙarfe: Abin da Ya Sami Shasin Motar Kawu

Ranar da Baba mai walda ya danna sukundireba a jikin shasin motar Kawu, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da bodi da inji, ta shige kamar an soka tsinke a tuwo, sai garejin ya yi tsit. Kawu na tsaye a bakin rami, ya naɗe hannun riga, yana jira a ce masa fallen sifirin ɗaya ne ya karye, a canza, ya biya, mu kama gabanmu. Abin da ya kawo mu ke nan. Baba ya zare sukundirebar, ya faɗaɗa hudar da ɗan yatsa, sai ga busasshiyar baƙar laka na zubowa, haɗe da ɓawon tsatsa, da ƙaiƙayin shinkafa, da wani farin abu gari-gari. Ya dangwala farin a harshe, ya tofar.

"Alhaji, motarka ta sha gishiri."

"Gishiri a Marwa? Teku gare mu?"

Ba Kawu kaɗai ke yin wannan tambaya ba. A tashoshinmu na arewacin Kamaru, tun daga Garwa har Kuseri, an ɗauka tsatsa ciwon mutanen Duwala ne, can inda ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara, iska kuma ta kwaso gishirin teku. Mu nan Marwa abin da muke samu bai fi wajen milimita 800 ba, cikin wata huɗu, sauran shekara kuwa rana ce da ƙura. Ka zaga bayan gari za ka ga gawar mota ta shekara goma a fili, fenti ya ƙone, kujeru sun zagwanye, amma ƙarfen na nan garau. To me zai ruɓar da motar da ke kan aiki, wadda mai ita ke kashe mata kuɗi kowace shekara don kada ta yi tsatsa?

Ni ke riƙe da littafin motar, abin da ta shigo da shi da abin da ta ci, don haka na san tarihinta fiye da direbanta. Akori-kura ce mai shan gazuwal, mai jan ƙafa huɗu, irin 'yan Beljiyam ɗin nan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala. An ɗora ta a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan aka tuƙo ta wajen kilomita 500, ta bi ta Garwa ta iso gida. Ranar da ta iso Kawu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga baƙi ƙirin yana sheƙi, ya ce ma sha Allah. Kallon kitse muka yi wa rogo. Motar da ta yi shekaru a Turai ta riga ta ɗanɗani gishiri kafin ta zo mana, domin can gishiri ake barbaɗa wa titi da sanyi don ƙanƙara ta narke, tayoyi kuma su watsa shi cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota. Abin ba wasa ba ne ko ga manyan kamfanoni: a 2016 Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a Amurka, kan motoci wajen miliyan 1.5 ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia da aka yi ƙara cewa shasinsu na ruɓewa. Waɗancan na kasuwar Amurka ne, ba irin namu ba. Na kawo zancen ne don a san baƙin fentin da ke ƙarƙashin motar da aka yi amfani da ita ba shaida ba ne, ko daga ina ta fito.

Amma ba zan ɗora wa Turawa laifin duka ba. Da Baba ya bi shasin da guduma daga gaba zuwa baya, inda ya ruɓe ya nuna mana mai laifi ɗan gida ne.

Hanyar motar ɗaya ce shekara da shekaru: Marwa zuwa Bogo, ta wuce Girbidik, ta shiga Maga, ranar Talata ta kai kasuwar Pus a bakin kogin Logon. Ranar Alhamis tana kasuwar shanu ta Bogo. In za ta tafi takan ɗauki taki, yuriya da NPK, na manoman shinkafar da ke noma a ƙasan tafkin Maga, da buhunan gishiri, da kanwa ta masu dabbobi. In za ta dawo ta kwaso shinkafa, da kifi ɗanye a cikin ƙanƙara yana tsiyaya, da banda. Gab da babbar sallah kuma raguna ne, su yi fitsari su yi kashi tun daga kasuwa har gida. Duk wanda ya san hanyar ya san ƙasarta: karal ce, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kumbura ta zama danƙo. Manomi na son ta don tana riƙe ruwa watanni. Wannan halin nata da ke raya masakwa ba tare da ruwan sama ba, shi ne ya kashe mana shasi.

Shasin irin wannan mota kamar tsani yake a kwance: dogayen ƙarafa biyu, da gajeru da suka gitta su. Dogayen nan ba dunƙulallen ƙarfe ba ne, kogo ne mai kusurwa huɗu, kaurin bangonsa 'yan milimita kaɗan. Masu ƙira sun bar kafofi a jikinsa, wasu a gefe, wasu a ƙasa, don duk ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita. A motar Kawu kafofin gefe a buɗe suke, na ƙasa kuwa duk a toshe. Ƙofar shiga a buɗe, ta fita a kulle.

Damina ta 2022, shekarar da Logon ya yi ambaliya har ya ci unguwanni a Yagwa da Kuseri da Njamena, motar ba ta huta ba, domin lokacin ne haya ta yi tsada. Ta yi ta kutsawa cikin ruwa mai laka har bakin ƙofa. Kowace kutsawa ta cika kogon da kunun laka, ruwa ya tsane a hankali, laka ta zauna. Daga sama kuma daɓen bodin ya riga ya tsage a gefen dama, daidai kan mariƙin sifirin na baya, duk abin da kaya suka zubar, ruwan kifi ne, narkakken taki ne, fitsarin rago ne, ta nan yake bi ya sauka kan shasi ya shige ciki. Gefen dama ne kuma ke bin bakin hanya tunda a Kamaru dama ake bi, can kududdufai suka fi yawa, can mota ta fi karkata. Shi ya sa dama ta ruɓe, hagu ta tsira da rauni.

A nan zan ɗan tsaya, don sai da na koma kan abin da aka koya mana a makarantar sana'a kafin na iya ba Kawu amsar tambayarsa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Idan laimar iska ta gaza wajen kashi 60 cikin 100, tsatsa tafiyar hawainiya take yi, abin da ya sa gawar motar bayan gari ke daɗewa ke nan. Gishiri ne ke ɓata wannan lissafi. Duk manomin da ya taɓa barin buhun yuriya a buɗe a watan Agusta ya san washegari zai tarar da shi sharkaf, alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba: daga iska ya jawo. Gishirin miya kan fara jan ruwa haka idan laima ta kai kashi 75, yuriya ma kusan nan. In kuwa yuriya ta gauraya da gishirin fotash da ke cikin yawancin takin NPK, sai ma'aunin ya sauko wajen kashi 60. Wato lakar da ta sha taki ba ta jiran ruwan sama. Raɓar asuba ta ishe ta, damshin bakin tafki ya ishe ta, wankin mota na sama-sama ma ya ishe ta. Mu muna ganin damina ta wuce, a cikin kogon shasi kuwa ba ta wuce ba.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki: wurin da laka ta lulluɓe, inda iska ba ta isa sosai, shi ne ke cinyewa, ba wurin da ke buɗe ba. Kamar batir abin yake aiki. Ɓangaren da ke shan iska da wanda ba ya sha su ne kawuna biyu, ruwan gishiri shi ne ruwan batirin, ƙarfen da ke ƙarƙashin laka kuma shi ke narkewa don biyan kuɗin wutar. Tsatsar da ta fito ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu har zuwa shida, don haka in ta samu shiga tsakanin ƙarafa biyu da aka haɗa sai ta yi ta buɗa su kamar saiwar ceɗiya a jikin katanga. Haka ta yi wa mariƙin sifirin. Direba ya daɗe yana cewa motar na tafiya a karkace in ta yi lodi, muna cewa taya ce. Ashe mariƙin ne ke motsi tare da bangon da aka like shi a jiki.

Kanwa muka fara zargi, amma laifinta bai kai yadda muka zata ba. Ita kanta ba ta cika cin baƙin ƙarfe ba. Abin da take ci fenti ne da giris da alminiyam, sannan ba ta tafiya ita kaɗai, akwai gishiri a jikinta. Ita ke ɓalle ƙofa, wani ya shiga ya yi satar.

Abin da ya fi yi wa Kawu ciwo shi ne ba sakaci ya yi ba. Kowace shekara kafin ruwan farko yakan tura motar wajen wanki a fesa mata baƙin mai da aka sirka da gazuwal, kamar yadda kowa ke yi. Shekara biyu kafin wannan kuma wani ya ba shi shawara aka narka kwalta aka shafe ƙarƙashin gaba ɗaya, a kan tsohon baƙin da ta zo da shi, ba tare da an kankare komai ba. Ina da ranar da kuɗin a littafi. Kwaltar nan ce ta fara toshe kafofin ƙasa, baƙin mai da ƙura suka ƙarasa. Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, ya busar da ita ta tsattsage, ruwa ya bi tsagar ya kwanta tsakaninta da ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ƙadangaren ya shiga, bangon ya rufe a kansa. Da muka ɓamɓare wani yanki da kurfi, bayan kwaltar jajir yake, yana danshi, a tsakiyar Nuwamba.

Kawu bai sallama da wuri ba. Ya sauka ramin da kansa, ya nuna gaban shasin, ƙasan injin, inda ƙarfen ke nan sumul.

"Kai ɗan boko, zo ka gani. Nan ba baƙin mai ne ya tsare shi ba?"

"Shi ne, Kawu. Amma ku duba, nan kullum injin na ɗiga masa sabo, zafin injin kuma na busar da wurin. Can baya sau ɗaya a shekara ake fesawa, a waje, ciwon kuma yana ciki."

Gaskiyarsa ce, mai na korar ruwa, ban musa ba. Illar baƙin mai ita ce yana kama ƙura ya zama taɓo, yana kumbura robobin ƙafa da tiyo, yana ɓoye tsaga ba a gani, kuma yaron da ke fesa shi ba riga ba safar hannu yana shafa wa fatarsa abin da littattafan motoci da kansu ke gargaɗi a kai. Ragowar kuma ruwan farko ya wanke ta zuwa Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, inda ake haƙa yashi a ɗebi ruwa.

Hanyoyi uku aka shimfiɗa mana a ranar. Wani dillali da ke zaune a bencin garejin, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce a cusa takardar siminti a hudar shasin, a shafe da kwalta, shi zai samo mai saye kafin Juma'a. Kawu ya dube shi bai ce komai ba, amma na ga maganar ta ɗan zauna masa, domin mutum ne mai iyali, motar kuma ita ce gonarsa. Hanya ta biyu a nemo shasin wata motar da ta yi haɗari a ɗora bodi da inji a kai. Wannan ya fi ƙarfi, sai dai lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 a jikin ƙarfen aka buga ta, ita ce kuma ke kan kart-giriz, takardar rajistar mota. Ka canza shasi ka canza sunan mota, ka shiga hidimar takardu, kafin ka gama kuwa kowane shingen jandarma da na duwan, wato kwastan, sai ka yi bayani. Ta uku a yanke ruɓar a yi gyara, in Baba ya ga akwai lafiyayyen ƙarfen da zai kama.

Abin da ya yanke gardamar ba shasin ba ne. Yaron Baba na bin bututun birki da hannu, siririn bututun ƙarfe da ke manne a jikin shasi zuwa tayoyin baya, ya kai inda aka ɗaure shi da ɗan mariƙi, sai ya ɓalle masa a hannu, man birki ya zubo. Tsatsa ta cinye shi a ƙarƙashin mariƙin, saura ɓawo. Ranar kasuwa mutum nawa ke hawa kan kayan motar nan, mata da goyo, tsofaffi da sanduna? Kawu ya yi salati. Ya juya ya ce wa dillalin ya tashi ya ba shi wuri.

Aikin ya faɗo a Disamba, kuma wannan sa'a ce, don hunturu abokin mai gyaran tsatsa ne: iska a bushe take ƙayau, abin da aka wanke da safe ya bushe kafin azahar. Aka cire kan batir, aka sauke tankin mai, aka kwance bodin baya aka ɗaga shi da mutum takwas aka jingine. Noti biyu suka karye. Sai a ranar na fara ganin saman shasin motar da na yi shekaru ina rubuta kuɗinta, kuma duk inda ƙarfe ya gitta akwai tudun laka da ya taurare kamar tubali, har da ciyawar da ta tsiro ta bushe.

Baba ba ya amfani da ido, da kunne yake aiki. Yana bin ƙarfen da ƙaramar guduma taku-taku, kamar mace mai ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin ta biya. Inda ƙarfe ke da rai sai ya amsa da ƙara mai zaƙi, inda ya mutu sai ka ji dum, kamar an bugi kabewa. Ya zagaye matattun wuraren da alli. A dama ruɓar ta kai tsawon kamu ɗaya da rabi, ƙasa da gefe. A hagu wuri ɗaya ne mai faɗin tafin hannu da ya ce muryarsa ba ta yi masa ba, amma bai kai na yanka ba.

Kafin a kunna wuta sai da aka yi kwana biyu ana fitar da abin da ke ciki. An ɗaura guntun sarƙa a bakin tsohuwar wayar kuloci, aka ɗaura ɗaya bakin a injin huda, aka zura cikin kogon tana juyawa tana dukan bango, ɓawon tsatsa na zubewa. Aka bi da ruwa mai ƙarfi ta kowace kafa, daga gaba zuwa baya, an ɗaga gaban motar. Ruwan ya fara fitowa baƙi, ya koma ja, ya koma ruwan ƙasa, sai can ya fito fari. Abin da muka tara daga gefen dama kaɗai ya cika bokitin fenti. Aka bi da iskar kwamfuresa, aka bar ta a rana kwana uku.

Wajen facin aka sake yin gardama. Kawu ya sa an kawo wani ƙaton ƙarfen kwana mai kauri, irin na ginin rumfa, ya ce a ɗora shi a like ta ko'ina, a huta. Baba ya ƙi taɓa shi.

"Alhaji, gyartai ba ya ɗinke ƙwarya da igiyar rijiya. Shasi yana lanƙwasa yana miƙewa a hanya, haka aka yi shi. In na sa masa wannan, nan zai sandare, ya je ya tsage a bakin facin."

Ya yanke ruɓar har sai da ya kai ƙarfe mai cikakken kauri, ya yanko sabon falle mai kauri daidai da na asali ya cike gurbin, ya goge, sannan ya ɗora wani a kai wanda ya zarce gurbin ta kowane gefe. Bakunan wannan na biyun bai yanke su a miƙe ba, ya fiƙe su kamar bakin mashi, don kada a samu layin walda guda da ya sare shasin daga sama zuwa ƙasa, inda tsaga ke son bi. Ya huda fallen wurare ya cike hudojin da walda don tsakiyar ma ta kama. Yana yi yana tsayawa ƙarfen ya huce, yana auna tsakanin tayar gaba da ta baya a kowane gefe da igiya. Lambar shasin, Allah ya taimake mu, tana can gaba nesa da wuta. Mun goge ta da burushi a hankali muka shafe ta da giris.

Kankare kwalta shi ne aikin da ya fi cin rai, yara biyu suka yi kwana huɗu a kai da kurfi da burushin waya. Bayan nan aka shafa ruwan kashe tsatsa, wanda asid ɗin fosfarik ne, irin wanda ake sa ɗan kaɗan a lemon kola. Yana juya 'yar tsatsar da ta maƙale a ramuka ta zama wani baƙi-baƙin abu da fenti ke kamawa. Ba ya maida ƙarfen da ya tafi, kuma a kan ɓawo mai kauri aikin banza ne, sai an kankare. Akwai wani irinsa da ake yi da sinadarin da ke cikin bagaruwa, da na karanta bayanin jikin gwangwaninsa sai na yi dariya, domin majema da dukawan Marwa sun riga kamfani sanin wannan: fatar da aka jeme da bagaruwa, a shafa mata kuloko mai ruwan ƙarfe, nan take ta koma baƙa. Haɗuwar ɗaya ce. Bayan ya bushe aka yi jan fenti na ƙasa hannu biyu, aka bi da baƙi na sama, siriri, ba mai kauri ba, don in tsaga ta fito a gan ta. Da sassafe ake fentin, a yayyafa wa ƙasa ruwa, kafin iska ta taso da ƙura.

Cikin kogon kuma, inda ciwon ya faro, fenti ba ya isa. Abin da ake so can abu ne mai ruwa-ruwa da ba ya bushewa ƙayau, mai bin lungu da kansa. Mun sa an aiko mana da kakin cikin shasi daga Duwala, aka zura dogon tiyo ta kafofin aka fesa, aka bar motar a ranar tsaka ya narke ya bi ko'ina. A wasu ƙasashe da maiƙon gashin tumaki ake yin irin wannan, mu kuwa Uda da Balami ba su ba mu ulu ba. Inda kakin bai samu ba, sabon man giya mai araha, a ɗan ɗumama shi, ya fi baƙin mai nesa ba kusa ba, sai dai a riƙa sabuntawa. Abu na ƙarshe da Baba ya yi da hannunsa shi ne bin kafofin ƙasa ɗaya bayan ɗaya da waya yana buɗewa. Bututun birki duka aka canza, ba guntun da ya karye kaɗai ba.

Kuɗin aikin bai kai na sababbin tayoyi huɗu ba. Zaman da motar ta yi ne ya fi ciwo: kusan mako uku, Talata uku ba Pus, Alhamis uku ba Bogo, a lokacin da shinkafa ke fitowa.

Sai kuskuren da ni na jawo. Bayan an like tsagar daɓen bodi, na ce a shimfiɗa tabarmar roba mai kauri don kada taki ya sake taɓa ƙarfe. Kowa ya yaba. Ƙarshen damina ta 2023 muka ɗaga robar, sai ga sabon fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, ƙasan jiƙe da ruwa mai warin yuriya. Abin da kwalta ta yi wa shasi, shi robata ta yi wa bodi: ruwa ya shiga ta gefe, ya rasa hanyar fita, rana ba ta gan shi ba. Kawu bai ce komai ba, ya dai dube ni ya ce, "Ɗan boko." Muka jefar da ita. Yanzu katako ne jere da tazara, a shimfiɗa tamfol a kai a naɗe bakinsa sama kamar kwano in za a ɗauki taki ko gishiri ko kifi, a sauke kaya a cire tamfol da katakon duka a wanke.

Wankin ma sai da muka gano inda yake yoyo. A littafina kuɗin wanki na fita sau biyu a mako ba fashi. Na tambayi direba, wanda ya girme ni, nake ce masa Yaya.

"Yaya, wai a ina ake wanke ta?"

"Ƙanena, ga tafki kyauta a Maga, zan biya mai kura a Marwa?"

Ashe yakan gangara da ita bakin ruwa, yaron mota ya watsa mata bokiti ya goge gilashi da ƙofofi, kuɗin wanki ya zama na shayi. Ban ga laifinsa sosai ba, haka ya tarar ana yi, kuma mota in ta yi sheƙi a sama babu mai leƙa ƙasa. Sai dai wannan wanki ya fi rashinsa muni, yana jiƙa lakar ciki ne kawai ya tashi gishirin daga barci. Yanzu kai tsaye muke biyan wani mai wanki da ke da rami da injin ruwa, an kuma ƙara wa Yaya kuɗin shayinsa daban don kada a yi rigima. Sharaɗin ɗaya ne: duk ranar da ta ɗauki taki, gishiri, kanwa, kifi ko dabbobi, ko ta kutsa ruwa, ba ta kwana biyu ba a zura tiyo cikin shasi ba, kuma ba a tsayawa sai ruwan ya fito fari ta ƙasa. Baƙin mai kuwa Kawu bai rabu da shi ɗungurungum ba. Ya ce a bar masa fallayen sifirin, aka bar masa, da burushi ake shafawa, nesa da roba.

Damina ta 2024 ta gwada aikin, don ambaliyar shekarar ta fi ta 2022 muni a yankin Mayo-Danai, inda Maga da Pus suke, har gada ta karye a Yagwa. Motar ta yi ta shiga ruwa kamar da. Da ruwa ya janye muka koma ramin Baba. Facin na nan, babu tsaga a bakinsa, kafofin ƙasa a buɗe, waya ta shiga ta fito da maiƙo ba ja ba. Muka sake fesa kaki.

Saura wurin nan na hagu mai faɗin tafin hannu. Allin ya goge tuntuni, Baba ya sake zagaye shi da farin fenti. Ya ƙwanƙwasa shi, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya sake komawa, ya karkata kai. Sannan ya miƙo mini gudumar daga cikin ramin.

"Sauko, ɗana. Kunnena ya fara nauyi. Buga nan, ka buga nan, ka faɗa mini ko muryarsu ɗaya."

Na sauka na buga. Ba ɗaya ba ce. Mun sa ranar yanka shi bayan an gama kwasar shinkafa.